Turken da Aka Rufe Ranar Biki

Washegarin bikin Biswakarma, abin bautar masu sana'a, da hantsi, Sufeto Hazra yana kurɓar shayi a ofishinsa sai wata mata ta shigo ba takalmi, bakin zanenta na sari duk laka.

"Yallaɓai, mijina bai kwana gida ba."

Kofur Bhola ya ɗago kai daga teburinsa, ya kira ta Boudi, yadda ake kiran matar aure a garin. "Boudi, jiya fa biki aka yi. Rabin mazan garin nan na Shalukghat ba su kwana gida ba. Kin duba ƙarƙashin bencin mai giya?"

"Nitai ba ya sha," ta ce. "Na je wurin aikinsu da sassafe. Duk wanda na tambaya sai ya kau da kai. Mai tuƙa injin ɗaga kaya ya ce in zo nan, kada in hau katakon da ke kan ruwa."

Sufeto ya ajiye kofin. Ya tambayi sunanta, ta ce Jhuma. Mijinta, Nitai Bag, shi ne mai duba walda a sabuwar matsayar jirgin fito da ake ginawa a bakin kogin Rupnarayan.

Yana da kyau a san yadda aikin yake, don abin da ya biyo baya ya zauna daidai.

Laka ba ta riƙe gini, saboda haka ake kafa turaku. Manyan bututun ƙarfe ne, kowane bakinsa mutum zai wuce, a buga su can ƙasan kogi. In an gama bugawa, sai a saukar da faifan ƙarfe cikin bakin kowane turke, zurfin tsawon hannu, a liƙe shi ya zama marfi. Sannan a jera rodi a jikin bututun a yi musu walda, kawunansu su miƙe sama. Waɗannan rodin su ne za su riƙe kankaren dandamalin da mutane za su tsaya a kai. In waldar ba ta kama ba, dandamali ɗore yake kawai kamar hula a kan kai.

Aikin Nitai shi ne ya bi rodi ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma. Mai kyau yana amsawa da ƙara mai tsayi. Mara kyau yana amsawa kamar fasasshiyar tukunya.

Ranar Biswakarma kuwa, ba a aiki. Kowane mai sana'a yana wanke kayan aikinsa, ya shafa musu jan gari, ya jera su a ƙafafun mutum-mutumin Biswakarma, ya lulluɓe da furanni. Ba mai sake taɓa su sai an kai mutum-mutumin kogi.

Da Sufeto da Bhola suka sauka daga kwale-kwale, ba kowa a kan turakun. Ma'aikata sun cure a bakin rumfar bauta kamar awaki da suka ji warin kura. Kiɗan jiya ya mutu. Tsuntsayen takarda da aka yi ta tashi da zare sun maƙale a wayoyin lantarki, iska tana kaɗa su.

Mai tuƙa injin ɗaga kaya ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ka ga turke na can ƙarshe? Jajiberin biki bakinsa a buɗe yake. Da idona na gani daga sama. Yau da safe a rufe."

"Wa ya rufe?"

"Ba wanda ya yi walda jiya."

"To faifan da kansa ya liƙe?"

Mutumin ya dubi kogi. "Tsofaffi suna cewa kogi ba ya barin a soke shi a banza."

Wani daga baya ya ce ya ji kamar ana ƙwanƙwasa daga cikin ruwa. Wani ya ce a yi shiru, kada a kira abin.

Sufeto ya hau katakon da aka shimfiɗa tsakanin turaku. Faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ruwa yana janyewa ƙarƙashi da ƙarfi. Iska tana shiga bakunan bututun da ba a rufe ba, tana fitowa da wani irin nishi. Mutum ne da ba ya yarda da labarin aljanun ruwa, amma tsikar jikinsa ta tashi.

Ya leƙa turke na ƙarshe. Faifan yana nan a liƙe. Ƙudaje sun kewaye gefensa.

Ya dawo ya ce, "A yanke shi. Wane ne babban mai walda?"

Wani dattijo mai furfura ya fito, sanye da baƙin tabarau, ya naɗe wuya da ƙyalle. Kowa yana ce masa Haripada-da, ko Dada, wato babban yaya. Shi ya koya wa yawancinsu sana'ar.

"Ni ne, Babu," ya ce, wato Yallaɓai a harshensu. "Amma kada ka matso, apolo ta kama mini ido. Ko ba ta kama ni ba, kayanmu suna gaban Baba Biswakarma. Ba a kai shi ruwa ba tukuna."

Sufeto ya dubi sauran. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Zan yanke," in ji wani siririn mutum mai ɗan gemu. Sunansa Moinul Gazi, shi kaɗai ne Musulmi cikin masu waldar. Ya shiga ɗakinsa ya fito da gilashin waldarsa na kare ido a hannu.

Sufeto ya lura da yadda idanu suka bi gilashin.

Da faifan ya tashi, Bhola ya haska tocila ciki. Ya juya ya yi amai a kogi.

An ɗauki lokaci kafin a fito da Nitai da igiya. Ƙafarsa ɗaya a karye, akwai rauni a ƙeya. Abin da Sufeto ya fi daɗewa yana kallo shi ne yatsunsa. Faratan duk sun kakkarye, tsatsa ta cika su.

Ya cire rigarsa ta sama ya rufe hannuwan kafin Jhuma ta iso.

Kukanta bai gama sauka ba aka fara gunaguni.

"Daga ina ya ɗauko gilashin nan?"

"Daga ɗakinsa. Namu duk suna gaban Baba."

Haripada ya ɗaga hannu, muryarsa a sanyaye. "Ni ban ce kowa ba. Moinul yarona ne, ni na kawo shi. Amma ku tambayi kanku, a cikinmu wa zai iya kunna inji jiya?"

Dutse na farko ya sami Moinul a kafaɗa.

Mashi Arati, wato Inna Arati a harshensu, tsohuwar da take dafa wa ma'aikata abinci, ta fizgi hannunsa ta tura shi ɗakin ajiyar shinkafa. Ta tsaya a ƙofa da ludayin ƙarfe.

"Wanda ya ƙoshi da miyata jiya ya zo ya ture ni in gani! Kai Poltu, da wannan wuyan naka kamar na zalɓe, mutum za ka kashe?"

Suka ja baya, amma ba su watse ba. Labari ya riga ya shiga ƙauye. A kan ganuwar kogi ana hango mutane suna tahowa, wasu da gora.

Bhola ya buga waya ofis, ya dawo fuska ba jini. "Yallaɓai, ruwa ya janye. Jirgin ƙarin 'yan sanda ba zai tsallako ba sai ruwa ya dawo da la'asar."

"To mu biyu ne."

"Da Mashi," in ji Bhola. "Ita ta fi mu makami."

Sufeto ya shiga ɗakin shinkafa. Moinul yana tsugune bayan buhuna.

"Ina kake jiya bayan cin abinci?"

"Na yi azahar, na kwanta, Yallaɓai."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa. Duk suna kan ganuwa suna tashin takarda."

"Me ya sa gilashinka ba ya rumfa?"

"Ba na kaiwa. Ina taya su kafa rumfa, ina cin abinci tare da su, amma kayana ba na kaiwa. Kowace shekara haka ne, ba wanda ya taɓa cewa uffan."

"Yaushe ka yi magana da Nitai na ƙarshe?"

"Mun daɗe ba mu yi ba."

Sufeto ya zauna a kan buhu. "Moinul, ji ƙarar da ke waje. Ƙofar nan langa-langa ce. In ka ɓoye mini wani abu, ba ni kake ɓoye wa ba."

Moinul ya share gumi. "Jajiberin biki ya same ni. Ya ce rodin layin da ke fuskar kogi ba sa amsa guduma."

"Wa ya yi waldar layin?"

Moinul ya kau da kai.

"Wa?"

"Kowa yana taɓawa, Yallaɓai."

Sufeto ya san ƙarya ce, amma bai matsa ba. Ya dubi idanun mutumin a hasken da ke shigowa ta huda. Tsoro ya cika su, amma farare ne tas.

Ya bar Bhola a ƙofa tare da Mashi, ya koma kan ruwa shi kaɗai.

Kusa da turke na ƙarshe akwai jirgin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen baya, a kansa wani tsohon injin walda wanda nauyinsa ya hana a kai shi rumfa. A nan aka shafa masa jan gari aka rataya masa furanni. An cire furannin, amma ba jefar da su aka yi ba. An naɗe su a hankali, an ɗora a kan ganga mai tsabta.

Sufeto ya daɗe yana kallon wannan.

Sannan ya duba faifan da aka yanke. Ko wanda bai san walda ba zai ga ɗinkin ya karkace. Ya bi gaɓa, ya kauce, ya dawo, kamar rubutun wanda aka ɗaure wa ido.

A bayan injin, iska ta manna wani abu a jikin igiya. Marfin kwalin alewa ne, irin wadda aka raba jiya. An tsaga shi da wuƙa a tsakiya, tsaga mai tsawon yatsa. Tartsatsi ya huda shi ƙanana-ƙanana, gefensa ya babbake.

Ya ɗaga shi zuwa fuskarsa, ya leƙa ta tsagar. Ya sa shi cikin riga.

A rumfar bauta, gilasan walda suna jere a ƙafafun mutum-mutumin, kowane da sunan mai shi da farin fenti. Furannin da ke kansu sun yi yaushi, sun lafe a inda aka sa su. Mai jagorar bautar ya ce bai bar wurin ba tun safe har faɗuwar rana, kuma ba hannun da ya miƙo.

Lokacin da ya koma madafa, taron ya ninka. Wani ya fara dukan langa-langa da gora, a hankali, ba tsayawa.

Mashi Arati tana feraye dankalin turawa da wuƙa a bakin ƙofa. In tsoro ya kama ta, bakinta ba ya rufuwa.

"Dubi abin da ya rage mini. Da me zan ciyar da su? Jiya an cinye, yau da asuba kuma Haripada ya zo yana lalube, wai in ba shi ɗanye guda biyu in goga masa. Na ce kai da apolo ta kama, ruwan wardi ake ɗigawa, dankali ai na wanda wutar..."

Ta tsaya. Wuƙar ta faɗi cikin kwano.

"Ƙarasa, Mashi."

"Ban ce komai ba, Babu."

"Dankali na wane ne?"

Ta dubi taron, ta dubi ƙofar da take tsare. Da ta yi magana, da ƙyar aka ji. "Na wanda ya kalli wutar walda da ido tsirara. Ba ta nunawa nan take. Sai cikin dare ya ji kamar an zuba masa yashi." Hawaye ya zubo mata. "Haripada ne ya riƙe wa Nitai lema ranar aurensa."

Sufeto ya fita. Ya ratsa tsakiyar taron har inda Haripada yake zaune a inuwa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kun ce Moinul ne, don shi kaɗai ke da gilashi a hannu jiya. Haka ne?"

"Haka ne!"

Ya zaro marfin kwalin ya ɗaga. "Wanda ya rufe turken nan, da wannan ya kare fuskarsa. Ku masu walda ne. Ku gaya mini, mai gilashi a rataye a ɗakinsa zai yi walda da kwalin alewa?"

Dukan langa-langa ya tsaya.

"Wanda ya yi aikin nan ba shi da gilashi, domin nasa yana gaban Baba, kuma ba zai iya miƙa hannu ya ɗauka ba. Ya cire furannin injin ya naɗe su da ladabi." Ya juya. "Haripada-da, cire tabarau."

"Apolo ce, Babu. Za ka ɗauka."

"Na yarda in ɗauka."

"Ni dattijo ne. A gaban yarana za ka..."

"Dada, cire," in ji Poltu, wanda ɗazu yake riƙe da dutse. "Cire su gani, mu huta."

Haripada ya kai hannu. Hannun yana karkarwa sosai, har tabarau ya suɓuce ya faɗi a laka.

Idanun sun kumbura, sun yi jawur, hawaye yana kwarara. Ya kasa buɗe su a hasken rana. A kan fatar, daga wannan ido zuwa wancan, akwai jan layi na ƙuna, siriri, miƙaƙƙe.

Sufeto ya kara marfin a fuskarsa. Tsagar ta zauna daidai kan layin.

Ba wanda ya yi motsi.

"Layin da ke fuskar kogi, wa ya yi waldarsa?" Sufeto ya tambaya.

"Dada ne," wani ya amsa. "Ba ya barin kowa ya taɓa shi."

Sufeto ya hau katako, ya kama rodi ɗaya a layin, ya jijjiga. A karo na uku ya ɓalle a hannunsa kamar karan dawa. Ya ɗaga shi. Mutanen ƙauye, waɗanda 'ya'yansu za su riƙa tsayawa a dandamalin nan suna jiran jirgin makaranta, suka sauke gorarsu.

Haripada ya fara magana kafin a tambaye shi.

"Hannuna ya fara rawa tun bara. Na ɓoye. Mai waldar da hannunsa ke rawa, mene ne shi? Jiya ana cikin kiɗa, kowa idonsa a sama, Nitai ya ja ni gefe. Ya ce, Dada, zo ka gani, ba na so a ji. Ko guduma bai ɗauka ba, tasa ma tana gaban Baba. Da hannu ya girgiza, rodin ya fita. Ya ce, Dada, ka huta haka nan, gobe zan gaya wa injiniya a sake layin duka, ba zan ambaci sunanka ba."

Ya share hawayen da ke kwarara.

"Wa bai san layina ba ne? Na ce ya bari. Ya ce yara za su tsaya a nan. Na ture shi. Turewa ɗaya. Bakin turken yana bayansa."

"Sai ka rufe gawar," in ji Sufeto.

Haripada ya girgiza kai a hankali.

"Bai mutu ba, Babu. Yana kirana daga ƙasa. Dada, jefo igiya, ba zan faɗa ba. Dada. Ruwa yana cikowa. Na tsaya da igiyar a hannuna. Na kunna injin don kada in ji shi."

Wata ƙara ta fito daga bakin Jhuma wadda ba kuka ba ce. Mata suka riƙe ta.

Yanzu taron ya juya, ya fara matsowa ta wannan gefen. Sufeto ya tsaya gaban dattijon.

"Ɗazu saura kaɗan ku kashe wanda bai yi komai ba," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Kun tabbata a lokacin, kamar yadda kuka tabbata yanzu. Na yau ya isa. Ku ba ni hanya."

An daɗe kafin na farko ya matsa. Sannan na biyu.

Mashi Arati ta buɗe ƙofar langa-langa. Moinul ya fito yana riƙe da kafaɗa. Poltu ya zo kusa da shi. Ya sunkuya ya ɗauko gilashin Moinul da aka tattake a laka, ya goge da rigarsa, ya miƙa masa.

Da la'asar ruwa ya dawo, jirgin 'yan sanda ya tsallako. Bhola ya sa wa Haripada ankwa, amma dattijon ba ya ganin hanya. Dole Sufeto ya riƙe masa gwiwar hannu, yana gaya masa inda zai sa ƙafa.

Da suka zo daidai rumfa, Haripada ya ji ƙamshin turare ya tsaya.

"Babu, gilashina yana nan?"

"Yana nan."

"Furannin suna kai?"

"Suna kai."

"Ban taɓa shi ba," ya ce. "Ka shaida, ban taɓa shi ba."

A bakin ruwa mata sun zaunar da Jhuma, suna fasa fararen awarwaron aurenta a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke yi wa matar da mijinta ya rasu.

"Ɗaga ƙafa," Sufeto ya ce. "Ga jirgi."